Tayar Motar Masu Naƙuda

Shekaranjiya da hantsi tayar motata ta baya ta yi bindiga a ramin nan na gaban kasuwa, wanda masu girma suka cike har sau uku a rediyo. Ban ga laifin tayar ba. Ta sha faci har mai faci ya ce babu sauran wurin mannawa, sai dai ya ɗora faci a kan faci. Safaya kuwa tun bara na sa ta aiki.

Da wani lokaci ne, da na jingine motar na koma tafiyar ƙasa. Amma cikin maman yara ya shiga wata tara, kuma haihuwar da ta wuce da ƙyar aka sha. Likita ya ja mini kunne cewa ko kusa kada a tsaya a gida, ga asibiti da nisa. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji.

Na garzaya wurin mai tayoyi. Kafin ya tambayi lambar tayar sai ya ce, "Malam, wace hanya kake bi?" Na faɗa masa. Ya yi mini jaje, sannan ya mirgino sabuwa a leda. Da ya faɗi kuɗinta sai na nemi benci na zauna. Ya kawo ta hannu, zanenta raɗau, amma da na duba sosai sai na ga da wuƙa aka sake yi mata shi.

Ya dube ni ya ce, "Kai kana da ido. Zo ka gani."

A bayan shago ya yaye wani buhu. Tayoyi ne huɗu, har 'yan gashin robar nan na sabunta suna jikinsu, kuɗinsu kuma bai kai rabin na sabuwa ba. Na ce ina aibun yake? Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen ɗaya daga ciki: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Shekararta shida.

"Taku ashirin ta taɓa yi a duniya," in ji shi. "Ka tuna 'yan fararen motocin nan da aka sayo don ɗaukar masu naƙuda?"

Na tuna mana. Ina wurin Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanka ƙyalle, aka kunna jiniya, muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Ya ce daga ranar babu macen da za ta sake haihuwa a hanya. Ashe an manta da kuɗin mai da na direba. Aka tura motocin bayan asibiti, yau suna zaune a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ciki. Tayoyin kuma suka biyo ta ƙofar baya suka shigo kasuwa.

Ku daina zagin manya, jama'a. Wannan shi ne tattali. Da an bar motocin sun yi ta jigilar mata, da tuni tayoyin sun cinye.

Mai tayoyi ya ce, "Gaskiya ɗaya ce, Malam. Roba tana tsufa ko a zaune take. Kada ka wuce gudun arba'in." Na lanƙwasa gefensu ina neman tsaga, na zaɓi biyu da ban ga komai ba, na biya.

Da na ba maman yara labari sai ta ce, "Baban yara, ni dai su kai ni. Ko na jirgin sama ne ba ruwana."

Jiya da azahar naƙuda ta taso. Na tuƙa da arba'in, tana cewa in ƙara wuta, ina kauce wa ramuka ina ta salati. Mun isa. Na ajiye motar daf da fararen nan na kan duwatsu, kuma kafin la'asar aka fito mini da 'ya mace, uwa lafiya.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya sa a rubuta a jerin ayyukansa cewa shirin nan ya kai mace ɗaya asibiti cikin shekara shida. Man nawa ne, direban ma ni ne, amma tayar tasa ce, kuma ni ba na cin haƙƙin mutum.