Tauraron da na yanka wa Hadiza

Da ɗiyata Hadiza ta ci jarabawar kolej, na ce zan yi mata katin barka da hannuna. Wuyar me? Na sayo ƙyalli a kasuwar Tanut, na jiƙa ƙaro. Cikin jakarta na samo takarda mai kauri da rubutun Faransanci. Ni ban iya Faransanci ba. Na yanka ta tauraro, na shafa ƙaro, na barbaɗa ƙyalli.

Ta karɓa tana murmushi, ta juya bayansa, sai ga rabin hatimi.

"Baba! Takardar shaidar jarabawata ce!"

Uwarta ta ɗora salati.

Sawu uku muka yi Damagaram kafin a ba ta wata. Har yau in na nufo rumfar shayi, sai wani ya dafe aljihu: "Ku ɓoye katin zaɓe, ga mai almakashi nan!"