Galilar da na ƙi jiƙawa

Ba zan taɓa mantawa da bal ɗin lekol ɗin su Rakiya ba, wato daren rawar makarantarsu, ko da na so.

A Lyon na tashi, kuma ban taɓa zama a aji ba. Mama ce ke koyar da ni a teburin cin abinci. Abin da na sani game da samari kuwa, daga littattafan soyayyar da ke ƙarƙashin gadonta na samo shi (ta ɗauka ban san maɓoyarsu ba). Da Rakiya, 'yar Tanti Hadiza ta Montreuil, ta gayyace ni rawar ƙarshen shekara ta lekol ɗinsu, na gama tsara komai: zan shiga, kiɗa ya tsaya, Karim ɗan ajinsu, wanda a hoto kawai na san shi, ya juyo.

Da kaina na ɗinka rigar a keken Mama, da wata shuɗiyar galila da Baba ya sayo a unguwar Goutte d'Or.

"Jiƙa ta a ruwan gishiri tukuna," in ji Mama. "Rinin nan zuba yake."

"Haba Mama, ƙyallin fa zai mutu!"

"To gimbiya, Allah ya kiyaye hanya."

Da na shiga, kiɗa bai tsaya ba. Zauren kuma zafi kamar gidan burodi. Na rakuɓe jikin bango ina ta goge zufar hannuna a rigata. Can aka fara wata rawa da ake jeruwa kamar jirgin ƙasa, kowa ya dafa kafaɗun na gabansa. Rakiya ta fizgo ni ta cusa ni daidai bayan Karim. Farar riga ce a jikinsa, tas. (A raina har na raɗa wa 'yarmu ta fari suna.)

Da kiɗa ya ƙare na janye hannuwana, amma sun bar wakilai: tafuka biyu shuɗaye, da yatsunsu cif, zaune a kafaɗunsa.

"Wayyo 'yar Lyon," in ji Rakiya tana riƙe ciki, "kin buga masa tambari!"

Ya juyo kuwa, kamar yadda na yi mafarki. Ya leƙa kafaɗarsa, ya dubi hannuna, ya dubi goshina (ashe nan ma na shafa), ya tambaye ni da Faransanci ko a kira mini likita.

Har yau in na je Montreuil, Tanti Hadiza cewa take, "A ɓoye fararen kaya, mai rini ta iso." Ni dai na ɗau darasi: sabon yadi sai ya sha ruwan gishiri. In kuma za ki roƙi Allah ya sa wani ya kasa mantawa da ke, ki faɗi ta wace hanya.