Ranar Da Na Wanke Tekuna Da Omo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na gayyato Kawu Ila gidana don in nuna masa na fi shi sanin kifi ba. Kawu yayan mahaifiyata ne, masunci tun kafin ruwan dam ɗin Tiga ya tashe su daga tsohon garinsu. Ni kuwa malamin kimiyya ne a wata sakandare a Bebeji, kuma duk inda muka haɗu sai ya sanar da jama'a cewa boko ya cinye ni, ba na bambance karfasa da tarwaɗa sai a cikin miya. Abin yana min ciwo ƙwarai.

Shi ya sa da na ga ƙaramin akwatin gilashi na kiwon kifin teku a wani shago a Kano, na ce yauwa, ga kifin da Kawu bai taɓa riƙewa ba. Mai shagon, Nura, ya zaunar da ni ya yi min karatu. Ba a saka kifi ranar da aka zuba ruwa. Za a haɗa tataccen ruwa da gishirin teku na musamman, a jera duwatsu, a kunna famfo, a riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, har wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su zauna a jikin duwatsun. Su ke cinye gubar da kashin kifi ke saki. "Sai ruwan ya nuna, Malam, kamar sati biyar. Bayan nan in za ka canza ruwa, kashi ɗaya cikin goma kawai." Na ce masa ai abin da nake koyarwa a aji ke nan (kuma gaskiya ce, shi ne abin haushin).

Sati biyar cur na yi ina jira. Maƙwabta su leƙa gilashi su ce, "Malam, ina kifin?" in ce suna tafe. Matata Hajara ta ce ni ne mutum na farko a Bebeji da ke kiwon ruwa. Ban kula ta ba. Duk kwana uku sai in ɗiga maganin gwaji a 'yar kwalba in duba launi, har ranar da ya nuna guba ta ƙare. Nura ya ce in zo Asabar da safe in ɗauki kifi biyu, ni kuma na aika wa Kawu ya zo da la'asar.

Ranar Juma'a, da aka sauko daga masallaci, na tsaya ina kallon akwatin da idon baƙo. Duwatsun sun yi gansakuka ruwan ƙasa, gilashin ya yi dusu-dusu. Na ce ina! A gidanmu ko randa ba a bari ta yi yauƙi haka. Na zubar da ruwan kaf, na kwashe duwatsun zuwa bakin rijiya, na sa soso da omo na goge su tas, na shanya a rana. Da na zo haɗa sabon ruwa gishirin teku bai kai ba, sai na cike da gishirin miyar Hajara, na tsoma yatsa na lasa, na ce daidai. Ma'aunin gishirin yana kan tebur, ko kallonsa ban yi ba.

Washegari da safe na ɗauko kifin, da la'asar Kawu ya iso da abokan sana'arsa biyu. Bayan mun gaisa na shigar da su falo. Ga kifi biyu ruwan lemo masu ratsin fari, ga gilashi yana ƙyalli. Na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo, na fara bayani.

Kawu ya sunkuya ya ƙura musu ido. "Ɗan nan, kifinka ba su da lafiya. Ka ga yadda suke haɗiyar iska a saman ruwa?"

"Kawu, ai na teku haka suke. Ba irin naku na dam ba ne."

Har da dariya na faɗa, Allah Ya yafe min. Na ci gaba da bayani, ban kai ƙarshen jimlar ba ɗaya ya kife, ciki sama. Kawu ya tsoma yatsa, ya sansana, ya lasa, ya tofar.

"Wanki aka yi a ciki?"

Maimakon in yi shiru, sai na kira Nura a waya na buɗe murya kowa ya ji, wai in nuna laifinsa ne. "Nura, kifi marasa lafiya ka ba ni!"

"Ka taɓa ruwan, Malam?"

"Na ɗan canza."

"Nawa?"

"Duka."

"Duwatsun fa?"

"Na wanke su."

"Da me?"

Kafin in buɗe baki, sai muryar Hajara ta fito daga bayan labule: "Da omo. Gishirin ma nawa ne."

"Innalillahi," in ji Nura. "Malam, sati biyar ka wanke."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokan Kawu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Kawu kuwa ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Mu a dam sai kifi ya mutu muke sa masa gishirin miya. Ku 'yan boko tun yana da rai kuke farawa."

Sannan ya tambayi ruwan da kifin suka zo a ciki. Allah Ya sa sauran yana cikin bokiti. Ya sa tafin hannu a hankali ya ɗauko mai sauran numfashin ya mayar da shi can, ya ce in saka masa bututun iska. Washegari na mayar wa Nura shi ajiya, na dawo na sake jiran ruwa daga farko.

Yanzu kifin yana falona lafiya ƙalau, ya ma samu abokin zama. Duk Asabar jarka ɗaya nake ɗebewa in zuba sabuwa, da ma'auni, duwatsun kuma ko sun yi gemu ba ruwana. Na kuma gane cewa idan mutumin da ya shekara hamsin yana kallon kifi ya ce kifi ba lafiya, ba a tambayarsa takardar shaida, bokiti ake ɗauko masa.