Rumbu Uku a Jikin Bango

Ko tsufa ya fara ɗebe mini tunani, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka haska aikina a jikin bango a Madarumfa.

Lokacin ina shekara ta shida ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye, can bayan Gabi. Da hutun damina aka tara mu malamai, wai za a koya mana rubuta wa ordinatar, wato na'urar kwamfuta, umarni, mu ma wata rana mu koya wa yara (ƙauyen da nake ko wutar lantarki babu, amma ba wanda ya nemi ra'ayina). Ni dai na je da tawa buƙata. Na riga na kai takardar neman a dawo da ni gari, tana kan teburin Anspekter, wato shugabanmu na malaman yankin. Dattijo ne mai shiru-shiru, kuma Allah Ya hore masa tumbi.

Mai koya mana wata Madam Hadiza ce daga Maradi. A mako na biyu ta kawo mu kan abin da ake kira fonksiyon. Ta ce ɗan guntun aiki ne da za ka rubuta sau ɗaya, ka raɗa masa suna, duk lokacin da ka kira sunan sai ya yi aikinsa. Ta ce kowa ya zana rumbu uku, ba da alƙalami ba, da alamomin da ke kan maɓallan rubutu kawai: karkatattun layuka su zama jinka, baka biyu su zama ciki, tsayayyun sanduna su zama ƙafa. Kowane sashe da nasa fonksiyon.

"Suna kuwa, ku sa wanda kuka ga dama, ita na'ura ba ruwanta," in ji ta. "Amma ku tuna mutum ma zai karanta."

Ni rabin farko na maganar na riƙe.

Abokina Lawali ne a gefena, mai yawo da malfa ko a cikin ɗaki. Don in ba shi dariya na sa wa jinkar suna malfar_lawali. Ƙafa na ce mata kafar_zakara. Da na zo kan ciki, wanda ake ba shi lamba ya buɗe gwargwadonta, sai na rubuta tumbin_anspekter. Lawali ya yi dariya har ya kifa kai a tebur. Na ce a raina zan canza kafin a tashi. Rumbunan suka fito tsaf, murna ta ɗauke ni, na manta.

Ranar rufe horon Anspekter ya zo, aka ajiye masa kujera a sahun gaba. Madam ta ce za ta nuna aikin da ya fi kowane tsari, ta kira sunana. Na miƙe ina gyara wuyan riga, ina ganin takardata ta samu sa hannu ta gama. Aka haɗa na'urata da abin haska hoto, rumbuna uku suka bayyana a bango. Aka tafa. Anspekter ma ya gyaɗa kai.

"To Mushe, buɗe mana umarnin ka karanta, ka yi wa Anspekter bayani," in ji Madam (Mushe ake ce wa malami namiji a wajenmu).

Ashe ita ma hoton kawai ta duba, ba ta taɓa leƙa cikin ba. Kafin in yi wata dabara ta danna da kanta. Kowane harafi ya fito a bango kamar tafin hannu, kuma sunan nan sau huɗu: ɗaya inda na raɗa shi, uku inda na kira shi. Lawali ya jawo malfarsa ta rufe masa fuska.

Na karanta layin farko. Na tsallake na biyu na faɗa na uku.

"Ka ƙetare guda," in ji Anspekter. Bai ɗaga murya ba.

Na koma na karanta, muryata kamar ta mai mura.

"Wannan sha biyun da ke gabansa fa, ta mece ce?"

"Faɗinsa ne, ranka ya daɗe."

"Sa ashirin mu gani."

Na sa ashirin ɗin. Rumbunan suka kumbura a bango, har na ƙarshe ya fita daga gefe. Ya daɗe yana kallo, hannunsa ɗaya a kan abin da ake magana.

"Mai da shi sha biyu," in ji shi. "Ina azumin Litinin da Alhamis."

Sai a nan mutane suka samu izinin dariya, kuma ba su rage komai ba. Madam ta ba da baya tana gyara gyale. Ni na tsaya da murmushin da ban san inda zan ajiye shi ba.

Da aka tashi na bi shi har mota in ba da haƙuri. Ya ce aikin ya yi kyau, ya tambayi lafiyar iyalina, ya shiga mota. Takardun canjin wuri suka fito bayan wata biyu, babu sunana. Ban ce saboda wannan ba ne, don akwai waɗanda suka riga ni nema. Amma har yau malaman yankin in sun gan ni a kasuwa, "Sha Biyu" suke ce mini.

Abin da na koya a horon bai wuce wannan ba: na'ura tana jin magana, amma ba ta da kara. Gulma dai a bar ta a baki, inda mutum zai iya rantsewa bai faɗa ba.