Maƙogwaron Baba Sylvanus

Duk faɗin unguwar Romi babu wanda ya san sirrin cin jarrabawa kamar Baba Sylvanus, akawu a wata masaƙa ta Kakuri. Shi dai bai taɓa zama ya rubuta babbar jarrabawa ba, amma wannan ƙaramin abu ne, ai wanzami ba ya son jarfa. 'Yan unguwa suna kiransa Furofesa, shi kuwa ya amsa har da gyara tabarau.

Da jarrabawar 'yarsa Dorcas ta matso a kwaleji, aka ce duk wanda ya faɗi zai maimaita shekara. Nan Furofesa ya ɗauki hutu domin ceton ilimi.

Ya fara da dokar shiru. Ya hana matarsa Juliana daka, ya kife zakara da kwando, ya kwance batirin rediyo. Sannan ya jawo kujera gaban Dorcas.

"Karatu ba ya son hayaniya," in ji shi da muryar da ake ji har bakin titi. "Rufe littafin nan, ki saurari yadda ake karanta shi."

Tun hantsi yake bayani har rana ta yi sanyi. Ya koya mata zaman kujera, riƙon biro, da irin kallon da Turawa ke yi wa shafi kafin su juya. Ya wajabta mata cin kan kifi don buɗe ƙwaƙwalwa, har kyanwar maƙwabta ta fara raka ta tashar mota. Littafi kuwa yana nan a rufe, lafiyarsa ƙalau.

"Baba, ko in ɗan duba babi ɗaya?"

"Gaggawa aikin Shaiɗan. Ba mu ma zo kan fiƙe fensir ba."

Ana haka mai injin niƙa ya tayar da injinsa a bayan gida. Furofesa ya fita cikin ruwan sama, ya yi ta gasar murya da inji. Inji ya ci. Washegari Furofesa ya buɗe baki, sai iska.

Mako guda gidan ya yi tsit. Dorcas ta karanta babi-babi, ta amsa tsoffin tambayoyi da ƙawayenta, ta yi barci isasshe. Ta ci jarrabawa sarai.

Murya na dawowa, Furofesa ya tsaya a ƙofar coci bayan sujada.

"Kun ga aikin dabarata. Zango mai zuwa lacca biyu za ta riƙa sha a yini."

Dorcas ta dubi uwarta. Juliana kuwa sai ta bi ta gidan maƙwabciya mai firji.

Tun daga ranar Furofesa bai ƙara shan ruwan randa ba. Har yau yana alfahari cewa duk Romi babu mijin da ake lallaɓawa da ruwan ƙanƙara safe da yamma kamarsa. Sai dai in kana son jin alfaharin, sai ka kawo kunnenka dab da bakinsa.