Kabewar Leni da Haƙoran Doña Casilda

"Ki sa mini albarka, Kaka."

"Albarkar ta huce. Tun ƙarfe bakwai na ɗora ta, na sauke, ƙudaje sun gama da ita. Sai ka dawo gobe."

Wascar ya jingine babur ɗinsa na acaɓa a gindin mangwaro, ya kwance kwalin da ya ɗaure a baya. Kakarsa Doña Casilda tana zaune a kujerarta mai lilo a baranda, ta rungume 'yarsa Leni, fuskar nan a murtuke. Ita ta raine shi tun yana cikin zani, kuma tun da ya iya magana ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun yi wa juna tsiya ba. Kowa a ƙauyensu na bayan garin Moca ya san da haka.

Amma yau Wascar na cikin damuwa. Ranar Litinin matarsa Yuderka ta koma aiki a masana'antar naɗa taba, ta bar Leni 'yar wata bakwai da kwalbar nonon da take tatsa da asuba. Kwalbar ba ta kai azahar. Abinci kuwa, kwana huɗu ke nan ana kai cokali bakin yarinyar tana datse shi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce nauyinta ya tsaya cak tun watan jiya. Yuderka ta ce idan mako ya ƙare a haka za ta ajiye aikin, aikin da ta yi shekara biyu tana nema. Shi ne da safen nan tsohuwa ta aike shi kasuwa ya sayo kabewa, ya yi awa biyu.

"An aiki bawa garinsu," in ji ta. "Kabewar shuka ta ka tsaya yi?"

"Da kin san abin da na zo da shi, da kin tashi kin yi rawa, in gwiwoyin za su yarda."

Ya buɗe kwalin, ya fito da bilenda, ya ɗora a kan tebur yana shafa ta. Ya ce wani abokinsa ɗan acaɓa ne ya sayar masa, ko wata uku ba ta yi ba, kuma da ita matan birni suke niƙa abincin yara ya yi laushi kamar man shafawa.

Doña Casilda ta dubi bilendar, ta ɗaga kai ta dubi ƙwan lantarkin da ke rataye a baranda.

"Da me za ta yi aiki? Da surutunka? Tun jiya da rana aka ɗauke wuta, kana nan aka ɗauke."

"Za a kawo."

"Za a kawo ranar da za ka yi hankali, rana ɗaya za su zo. Ina kabewar?"

Ya miƙa mata. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta soka farce a bawon. Ta ce wannan ba kabewa ba ce, tulun ruwa ne, duk wadda ta sayar masa da ita tun daga nesa ta hango wawa na tafe, ta gode wa Allah. Ta ce a zamaninsu namijin da ya shigo gida da irin wannan a waje yake kwana.

"Shi ya sa Kakana ya riga ki tafiya," in ji Wascar. "Gajiya ya yi da kwanan waje."

"Ya tafi ne don kada ya ga abin da ka zama. Riƙe 'yarka."

Ta shiga kicin ta fere kabewar, ta yanka, ta ɗora a wuta. Wascar ya biyo ta da yarinya a kafaɗa, idonsa a kan hannunta, domin ya san halinta. Ai kuwa ruwa na fara tafasa ta miƙa hannu ga gwangwanin gishiri. Ya yi wuf ya tare ta, ya zaro wata takarda daga aljihu wadda ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya karanta mata: ba gishiri, ba sukari, ba zuma, ba kofi.

"Wa ya rubuta?"

"Ma'aikaciyar asibiti."

"'Yar yarinyar nan mai jan farce? Ni na karɓi haihuwar uwarta. 'Ya'ya goma sha ɗaya na raina, da kai na sha biyu. Duk da romon wake da burodi a tsoma cikin kofi. Wanne ya mutu?"

"Dube ni da kyau. Duk ajinmu ni ne gajere. Kofinki ne ya danne ni."

"Kwaɗayi ne ya danne ka. Kana wata biyar ka tashi da ƙafarka, ba don komai ba sai don ka sato agade daga tukunya. Limamin coci da kansa ya zo kallo."

"Bara kin ce wata shida."

"Bara ina rufa maka asiri."

Duk da haka ta janye hannunta daga gwangwanin, tana gunaguni cewa duniya ta zo ƙarshe tunda takarda ce ke koya wa mace girki. Da kabewar ta dahu ta kwashe a kwano, ta murƙushe ta da cokali mai yatsu, ta zuba ɗan nonon kwalba ta juya har ta yi laushi. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce ko alade aka ba wa wannan sai ya kai ƙara.

Suka koma baranda. Wascar ya kwantar da Leni a lanƙwasar hannunsa, ya ɗebo a ƙaramin cokali, ya shiga yi mata kukan babur da baki. Leni ta bi cokalin da ido har ya iso, sannan ta datse leɓe ta kau da kai. Ya zagaya ta ɗaya ɓangaren, ta bi shi da mari. Kabewa ta sauka a gaban rigarsa. A karo na uku ta banƙare ta fashe da kuka.

Ya ajiye cokalin. Ya tsura wa wuyan hannunta ido. Wata biyu da suka wuce wurin nan ninki biyu ne na ƙiba, har sai an buɗa ake wanke shi. Yanzu ninki ɗaya ya rage. Ya tuna yadda Yuderka ta fita yau ba ta ko waiwayo ba, don kada ya ga idonta.

Tsohuwar ta lura. Ba ta tausasa murya ba, don ba ta iya ba, amma ta miƙo hannu.

"Kawo ta nan. Ka riƙe ta kamar buhun shinkafar da za ka kai wa mai shago. Kai in aka kwantar da kai rigingine aka nufo bakinka da ƙarfe ana kukan babur, buɗewa za ka yi?"

Ta zaunar da yarinyar a cinyarta, bayanta jingine da cikinta. Leni ta yi tangal-tangal, ta dafa gwiwar tsohuwa, ta zauna daram. Doña Casilda ta ce yarinyar nan ta yi mako biyu da iya zama, uban ne bai sani ba, don idonsa kullum yana kan hanya yana neman fasinja. Ta jawo kwanon gabansu. Maimakon ta ba yarinyar, sai ta lakato da yatsa ta kai bakinta. Ta sake lakatowa.

Ran Wascar ya ɓaci.

"Yanzu na gane. Dama ke kika yi wa kanki aike. Kin ga abinci mai laushi, kin ce ga daidai ke."

"Rufe mini baki."

"Ba zan rufe ba. Haƙora biyu gare ki, haƙora biyu gare ta. Kishi kike da ita. Gara ita nata fitowa suke yi, naki sallama suke yi."

"Biyun nan sun ga abin da talatin ɗinka ba su gani ba. Da su na ciji kakanka ranar da ya fara yi mini maganar banza, har ya mutu da tabon."

"Ki ajiye kwanon 'yata, tsohuwar ɓarauniya. Sai na gaya wa Yuderka. Sai na gaya wa limamin coci ranar Lahadi, a gaban kowa."

Yana cikin faɗa ya ga idon tsohuwar ba a kansa yake ba. Ya bi inda take kallo. Leni ta daina kuka tuni, ta ɗaga kai ta ƙura wa bakin Doña Casilda ido, yadda yake mamul-mamul, nata bakin ma yana motsi. Miyau ya dalalo mata. Can sai ta kifa hannu gaba ɗaya cikin kwanon, ta damƙo, ta kai kumatu, ta kai hanci, a na uku ta dace da baki.

Ta tsaya cik, ta yamutsa fuska kamar an zage ta. Sai maƙogwaronta ya motsa, ta sake tsoma hannu.

A haka ta yi loma biyar. Rabi a baki, rabi a gashi da kunne da zanin tsohuwa, amma abin da ya shiga ya shiga. Wascar ya juya baya yana gyara madubin babur da ba abin da ya same shi.

"Hayaƙin kicin ne ya shigar maka ido?" in ji Doña Casilda.

"Kabewar da kika raina ce fa take ci. Kuma ba gishiri."

"Yunwa ce, ba daɗi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abincin wani ta gani ta kai hannu, halin ubanta sak."

"A bakinki ta gani. Ta ga sa'arta ce, ta ce bari ta yi koyi."

Bai jira amsa ba ya ciro waya, ya kira Yuderka, don lokacin hutunsu na rana ya yi. Ya juya mata wayar ta ga yarinyar a dame-dame, tana tsotsar yatsu. Ana jin ƙarar mata suna hira a bayanta. Ta tambaya wa ya samu ta ci.

Wascar ya dubi kakarsa. Ta naɗe hannu, ta ɗaga haɓa, tana jira.

"Kaka ce," ya faɗa ciki-ciki.

"Me ka ce? Kunnen nan ya tsufa, sake faɗa."

"Na ce ke ce. Ke ce, Doña Casilda, uwar goma sha biyu. Na bi."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya har haƙoran nan biyu suka fito fili, Leni ta tsorata ta dube ta, sannan ita ma ta washe nata. Ta miƙa masa yarinyar da kabewarta da komai, ta dafa kujera ta miƙe, ta zagaya bayan gida inda kajinta ke kwana. Ta dawo da ƙwai biyu masu ɗumi, ta danƙa masa a tafin hannu.

"Ɗaya na Leni, gobe. A dafa shi ya dahu sosai, a murƙushe, a ajiye mata a gabanta. Kada na ji kukan babur."

"Ɗayan fa?"

"Naka ne. Ka ci, ko Allah zai sa ka ƙara tsawo."