Ranar da Tirela Ya Haɗiye Amarya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya a tsakiyar falon ƙanwata Halima, a gaban matan dangin mijinta kaf, ina yi wa kifi shaidar kyawun hali ba. E, kifi. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a firamare, har iyaye suna cewa Malama akwai natsuwa. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin aji nake, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Kiwon kifi a falo a wajen maƙwabciyata Maman Joy na gano shi. 'Yar Filato ce, aikin gwamnati ya kawo ta Potiskum, tana da ɗan tankin gilashi cike da ƙananan kifayen ado masu launi. Na yi sha'awa, na sa aka haɗa mini nawa (ya ninka nata girma, don ni ban iya yin abu kaɗan ba). Sai dai kifayen ado 'yan gata ne. A ɗauke wuta injin iska ya tsaya, zafin garin nan ya taso, kafin ka ankara sun juya ciki sama. Da na gaji da jana'iza sai na je wajen wani mai kiwon kifi a hanyar Fika, na karɓo ɗan tarwaɗa kamar ɗan yatsana. Shi babu ruwansa da wuta, in ya so iska sai ya taso ya shaƙa ya koma. Ya ci, ya ci, ya miƙe ya yi baƙi wuluk da faffaɗan kai da gashin baki, har ya kai tsawon damtsena. Yarana suka sa masa suna Tirela, kuma duk wanda ya san garinmu na manyan motoci ya san sunan ya dace.

Tirela ne ya koya mini dokar zama da babban kifi. Na zuba masa kifaye iri-iri su taya shi zama, kullum na duba sai in ga an ragu, shi kuwa cikinsa ya yi tulu. Waɗanda suka tsira biyu ne: wani kurungu mai ƙaya da ya gagari haɗiya, da wata ƙatuwar karfasa da ta fi ƙarfin bakinsa. Dokar ke nan, duk abin da zai shiga bakinsa abincinsa ne, ko da tare suka tashi. Ni da kaina nake karanta wa baƙi wannan doka in sun zo kallo. (A riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.)

Halima kuwa ni na ƙarasa rainonta. Tana sakandare mahaifiyarmu ta rasu, na ɗauko ta na dawo da ita gabana, har ta yi karatun jinya ta kama aiki. Da ta kawo Nura kowa ya yi murna, yaro ne mai hankali, danginsa 'yan kasuwa ne asalin Kano da suka daɗe a Potiskum. Ranar da suka kawo lefe ne aka soka mini abin da ya hana ni sukuni. Wata yayar mahaifinsa, Gwaggo Tabawa, ta dubi ɗaki ta ce, "Ina uwar amaryar?" Aka ce ta rasu, ga yayarta nan. Ta gyara zama ta ce, "Allah sarki, ashe marainiya ce. To in an je ganin ɗaki sai a yi mata uzuri."

Wataƙila da kyakkyawar niyya ta faɗa. Ni dai ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na yi murmushi na ce Allah ya saka da alheri, amma a raina na rantse babu mahaluƙin da zai shiga ɗakin Halima ya ce Allah sarki.

Na yi iya ƙoƙarina a wajen jere. Gado, kujeru, labule, kayan kicin, komai ya yi daidai gwargwado. Amma daidai gwargwado bai ishe ni ba, so nake a samu abin da ba a taɓa gani a ɗakin wata amarya ba a faɗin garin nan. Ina zaune a falona idona ya faɗa kan tankina. Maigidana ya ce, "Yanzu kifin miya za ki kai ɗakin amarya?" Na ce shi ai bai san ado ba. Aka kwashe ruwa, aka ɗora tanki a a-kori-kura, Tirela kuma a baho an rufe shi da faranti. Kurungu da karfasa na bar su a gida, a cewata ba su da kyan gani.

Maman Joy ta kawo tata gudummawar a 'yar roba: jan kifin ado guda, mai doguwar jela shara-shara tana bin sa a baya kamar mayafin amarya. Ta miƙo mini tana kaɗa yatsa.

"Maman Sadik, kar ki sa shi tare da wannan ɓarawon naki fa. Ki nema masa kwalba daban. Kin ji ko?"

"Haba Maman Joy, ni za a gaya wa Tirela?"

Ga kuma wata dabarar da na yi, wadda a lokacin na ɗauka basira ce. Abincin kifi yana gurɓata ruwa, ni kuma so nake ruwan ya yi garau. Saboda haka tun da aka kai Tirela gidan amarya na hana a ba shi ko ƙwaya ɗaya. Ana ta hidimar biki, kowa yana cin shinkafa da nama, shi yana azumin dole.

Ranar da dangin ango mata za su zo ganin ɗaki, bayan la'asar, na dubi jan kifin nan a cikin kwalba a gefe, na dubi ƙaton tanki da baƙin kifi ɗaya tilo kwance a ƙasa. Sai zuciyata ta ce, ai tarwaɗa da rana barci take yi, kuma wannan jan ya ɗan yi kauri, ba lalle ya shiga bakinsa ba. Su zo su gani su tafi, in mayar da shi kwalbarsa. Na juye shi a ciki. Wallahi ya yi kyau. Tirela ko motsi bai yi ba, ka ce wani waliyyi.

Suka shigo da guɗa, falo ya cika. Hajiya mahaifiyar Nura, mace mai ƙarancin magana, ta zauna a kujerar tsakiya. Gwaggo Tabawa ta zaɓi kujerar da ke dab da tanki. Halima tana gefe a kan darduma, lulluɓe, kai a ƙasa. Aka duba ɗaki, aka duba kicin, aka sa albarka. Sannan idanu suka dawo kan tanki, aka yi caa. "Kai, kifi a falo!" "Mai rai ne?" Har Gwaggo ta miƙa wuya ta ce, "Ikon Allah, wannan kuma sabon salo."

Da na yi shiru a nan, da na ci riba. Amma malamar makaranta in ta ga jama'a sun natsu suna kallon abu ɗaya, bakinta ƙaiƙayi yake yi. Na miƙe, na gyara ɗaurin ɗankwali, na tsaya a gefen tanki kamar a gaban allo.

"Iyayena, wannan ba ado ba ne kawai, darasi ne. Wannan babban, shi ne ango. Wannan ja mai mayafi, ita ce amarya. Ku dubi ƙarfinsa, ku dubi ƙanƙantarta, amma ga su a gida ɗaya cikin amana. Ni na raine shi, na san halinsa. Haka muke fatan Nura zai riƙe mana Halima."

Aka ce, "Amin, amin." Wata ta rangaɗa guɗa. Amarya ja ta sauko ƙasa tana yanga, jelarta ta shafi gashin bakin Tirela.

Ban ma ga lokacin da ya motsa ba. Wani "ɓat" kawai na ji, yashi ya tashi. Da ruwa ya lafa sai ga Tirela a tsakiyar tanki, kumatu a cike, jar jela tana reto a bakinsa.

Guɗar nan a tsakiya ta yanke. Sai muryar Gwaggo Tabawa: "Innalillahi. Ango ya haɗiye amarya. Wannan kuwa ba alamar alheri ba ce."

Na dubi Halima, na ga lulluɓinta yana rawa. Daga nan ban san abin da ya hau kaina ba. Na tsoma hannuwana biyu cikin tanki har kafaɗa, da leshina na fitar biki, da lallena, da agogona. Na cafko Tirela ta bayan kai ya zille, na sake cafkowa. Duk mai kiwon tarwaɗa ya san akwai ƙaya a gefen wuyanta, ni ma na sani, ranar dai ilimina duk ya tafi hutu. Ƙayar ta shige tafin hannuna. Ya yi wata irin bulala da jela, ruwa ya tashi ya sauka a kan Gwaggo tun daga goshi har cinya. Ni kuwa na ɗago shi sama ina girgiza shi, ɗankwalina ya faɗa cikin ruwa, ina ihu da iyakar muryata:

"Tofar da ita! Tofar mini da ƙanwata, mugu!"

Ƙanwata fa na ce. A gaban surukai.

Ko don azaba ko don tsoro, Tirela ya yi kakari ya amayo ta. Ta faɗa cikin ruwa, ta yi lilo a karkace, rabin jela babu, sannan ta daidaita ta shige bayan dutse. Na sake shi ya koma ƙasa ya kwanta, kamar ba shi ba.

Na tsaya a wurin, kai babu ɗankwali, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannuna, jini yana bin yatsuna. Gwaggo tana tatsar mayafinta. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da hannuna na jawo wa Halima abin da nake gudu. Gobe a gidajen biki za a ce, ai ɗakin marainiyar nan, yayarta ma ba ta cika saiti ba.

Amarya da aka ce ko kai kada ta ɗaga, sai ga ta ta yaye lulluɓi ta yo kaina. "Yaya, hannunki! Ku ba ni ruwan zafi da tsumma mai tsabta!" Ta manta da wasu surukai, aikin asibiti ya motsa. Idonta jawur, ashe dariya da kuka ne suka haɗe mata a ƙarƙashin mayafi.

Sai muka ji wani sauti daga kujerar tsakiya. Hajiya ce. Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna girgiza, har abin ya fi ƙarfinta ta saki dariya tana share hawaye. Da uwar ango ta yi dariya, ai sai falo ya ɓarke. Da ta samu numfashi ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta juya wajen Gwaggo.

"Yaya Tabawa, kin ce ba alamar alheri ba ce. Ni kuwa ban taɓa ganin alama mai kyau irin wannan ba. Yarinyar da take da wadda za ta sa hannu a bakin kifi ta ƙwato ta, wa ya isa ya kira ta marainiya? A je a gaya wa Nura abin da aka gani yau, ya san irin gidan da ya auro." Sannan ta kamo hannuna mai jinin, ta zaro hankicinta ta ɗaure mini da kanta, ta ce, "Zauna nan kusa da ni, uwar amarya. Kin sha aiki."

Tun da mahaifiyarmu ta rasu babu wanda ya taɓa kirana da wannan suna. Na zauna a jiƙe sharkaf a gefen Hajiya, na yi kukan da ban samu sararin yi ba tun farkon bikin. Ta bar ni na yi abina, tana ɗan bubbuga bayana. Wannan baiwar Allah ta tsince ni a ranar da na zubar da kaina da kaina, kuma har gobe ina yi mata addu'a in na idar da salla.

Maman Joy da ta ji labari ta riƙe ƙugu ta ce, "Ban gaya miki ba?" Na ce ta gaya mini. Ta ce in sake faɗa, na sake. Jan kifin yana nan a gidan Halima a tankinsa shi kaɗai, da guntuwar jelarsa, ya yi ƙiba. Tirela ya dawo gida wajen kurungunsa, mun shirya, don in an bi gaskiya ni na sa shi azumi kuma ni na kai masa buɗa-baki. Bawan Allah Nura, wanda ko wurin ba ya nan, shi ya kwashi suna: ƙannensa har yau Tirela suke ce masa. Gwaggo Tabawa kuwa duk inda muka haɗu sai ta ce, "Malama, ya mai gashin baki? Ana dai ba shi abinci ko?"

Ana ba shi, safe da yamma. Ni kuma na ɗauki darasina: ban ƙara haɗa babba da ƙarami a tanki ɗaya ba, kuma ko a ɗaurin auren wa aka ce in yi jawabi, sai in ce Allah ya ba da zaman lafiya in nemi wuri in zauna. Shaidar hali kuwa na daina bayarwa a kan duk wanda bai ci abinci ba.